Yadda Ake Gano Ko Katangar Tsaro Ce Ke Katse Zaman SSH

Ma'aikacin ofishin jigilar masu Umara a unguwar Misfala da ke Makka yakan shiga sabar da ke riƙe da bayanan maniyyata ta hanyar SSH, wato hanyar shiga na'ura daga nesa cikin tsaro, ya soma aiki, a kira sallar La'asar, ya bar tagar a buɗe ya nufi masallaci. Idan ya dawo sai ya tarar allon ya daskare, duk abin da ya danna ba ya fitowa, bayan ɗan lokaci kuma saƙon client_loop: send disconnect: Broken pipe ya bayyana. Da ya sake shiga ya buɗe rajistar katangar tsaro (firewall), sai ya ga layuka da yawa na fakitoci, wato ƙunsoshin bayanan da ke bin layi, da aka toshe a ƙofa ta 22, ƙofar da SSH ke amfani da ita, nan take ya yanke hukunci cewa katangar ce mai laifi, ya goge dokar da ke zubar da ɓatattun fakitoci. Na sha ganin haka a ofisoshin 'yan uwanmu Hausawa tsakanin Jidda da Makka, kuma a mafi yawan lokuta goge dokar ba ya magance komai, domin fakitocin da ke cikin rajistar ragowar haɗin da ya riga ya mutu ne, abin da ya kashe shi kuwa yana wani wuri dabam. Wannan bayani na sabar da ke aiki da Linux ne, mai amfani da iptables ko nftables ko UFW wajen tsara dokokin katanga, kuma manufarsa ita ce a tabbatar da mai laifi kafin a taɓa doka ko ɗaya.

Abin da ake nufi da ɓataccen fakiti

Katangar tsaro ta Linux tana da wani sashe mai suna conntrack, wanda ke riƙe da jadawalin duk haɗin da ke ratsa na'urar. Duk fakitin da ya iso sai an gwada shi da wannan jadawali a ba shi matsayi: NEW idan farkon haɗi ne, ESTABLISHED idan na haɗin da aka riga aka sani ne, RELATED idan yana da alaƙa da wani haɗin, kamar saƙon kuskure na ICMP, tsarin da na'urorin hanya ke sanar da juna matsala da shi, sai kuma INVALID idan bai dace da komai ba. Wannan na ƙarshe shi ne ɓataccen fakiti. Fakiti yakan ɓata idan ya iso bayan an share haɗinsa daga jadawali, ko lambar jerinsa ta faɗa wajen taga, wato iyakar lambobin da conntrack ke tsammani, ko kuma tutocinsa, wato alamomin da ke faɗin aikin fakitin, ba su dace da halin da haɗin ke ciki ba.

Akwai bambanci mai girma tsakanin wa'adin da conntrack ke ba haɗi mai rai da wanda yake ba haɗin da ke rufewa. Haɗin TCP, irin wanda SSH ke amfani da shi, idan ya kafu yana zama a jadawali har daƙiƙa 432000, wato kwana 5, ko da ba a aika komai ba, amma da zarar an soma rufe shi sai wa'adin ya koma daƙiƙa 120 ko 60, wanda aka yanke da RST kuwa, wato tutar katse haɗi nan take, daƙiƙa 10 kawai ake ba shi. Saboda haka fakitin ban kwana da ya makara a hanya yakan tarar an riga an share sunansa, a zubar da shi, a kuma rubuta shi a rajista, alhali babu wanda ya cutu. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi shakka: sabar da ke haƙurin kwana 5 da wuya ta manta da haɗi a cikin rabin awar da aka yi ana salla.

Mataki na farko: tanadi hanyar komawa

Kada ka gyara katangar sabar da kake shiga daga nesa ba tare da tanadin yadda za ta koma yadda take ba idan ka kulle kanka a waje. Ka adana dokokin da ake da su yanzu, sannan ka ba na'urar umarnin mayar da su da kanta bayan minti goma:

iptables-save > /root/katanga.baya
echo "iptables-restore < /root/katanga.baya" | at now + 10 minutes

Idan gyaran ya yi kyau, ka duba lambar aikin da atq, ka soke shi da atrm. Mai amfani da nftables zai adana nasa da nft list ruleset, ya kuma tabbata fayil ɗin ya fara da layin flush ruleset domin kada dokokin su ninka idan aka mayar da su. Ka buɗe taga ta biyu ka bar ta, ka kuma tabbata kana da hanyar shiga ta allon kamfanin da ya ba ka hayar sabar. Irin wannan aiki na safiyar Juma'a ne, lokacin da ofisoshin Saudiyya ke hutu, ba na goman ƙarshe na Ramadan ba, sa'ad da sabar ofishin Umara ba ta da sararin numfashi.

Mataki na biyu: tantance yadda zaman ke mutuwa

Kafin ka buɗe rajista, ka tambayi wanda abin ya shafa yadda zamansa ya mutu, domin kowane irin mutuwa yana nuni da wuri dabam. Zaman da ke daskarewa bayan an bar shi shiru yana nuni da wata na'ura a tsakiyar hanya da ta manta da haɗin. Wanda ke daskarewa a daidai lokacin da aka buɗe babban fayil ko aka soma kwafar fayil da umarnin scp yana nuni da girman fakiti. Wanda ke yankewa nan take da saƙon Connection reset by peer yana nufin wani ne ya aiko da RST. Wanda ya ƙi shiga tun farko kuwa yawanci batun iyakance yawan haɗi ne ko haramcin adireshi.

Ka rubuta lokacin da abin ya faru daidai, ka kuma kula da agogo. Saudiyya tana gaba da Najeriya da awa 2, sabobi da yawa kuma suna kan agogon UTC, wanda Saudiyya ke gabansa da awa 3. Idan abokin aiki a Kano ya ce zamansa ya katse da ƙarfe huɗu na yamma, ƙarfe shida ke nan a Jidda, ƙarfe uku a rajistar sabar, kuma na taɓa ɓata rabin yini ina karanta layukan da ba su shafi matsalar ba saboda wannan kawai. Umarnin timedatectl zai nuna maka agogon da sabar ke bi. Tagar da ta daskare kuma ba sai an rufe ta da ƙarfi ba: ka danna Enter, sannan alamar ~, sannan ɗigo.

Mataki na uku: lissafin da dokokin ke riƙe da shi

Kowace doka a iptables tana ƙirga fakitocin da suka faɗa hannunta. Ka mayar da lissafin sifili, ka sake haifar da matsalar daga wata na'ura, sannan ka duba wace doka ce lambarta ta motsa:

iptables -Z INPUT
iptables -L INPUT -v -n --line-numbers

Idan zaman ya daskare amma lambar dokar INVALID ba ta ƙaru ba, an wanke ta, sai ka wuce mataki na biyar. A nftables dole ne dokar ta ƙunshi kalmar counter kafin ta ƙirga komai, wato ct state invalid counter drop.

Yayin da jerin ke gabanka, ka karanta shi daga sama zuwa ƙasa kamar yadda fakiti ke bin sa. Dokar da ke karɓar ESTABLISHED da RELATED ita ya kamata ta kasance a sahun gaba. Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗora dokar iyakance yawan shiga, mai amfani da limit ko recent, a samanta ba tare da an taƙaita ta ga NEW ba. Mai dokar yana nufin ya hana masu gwada kalmar sirri, amma abin da ya rubuta yana ƙirga kowane fakiti na zaman da ke gudana, don haka da zarar allo ya cika da rubutu sai katangar ta soma zubarwa. Wannan shi ne yanayin da katangar ke da laifi ƙarara, gyaransa kuma shi ne ƙara --ctstate NEW a dokar, ko sauko da ita ƙarƙashin ta ESTABLISHED.

Mataki na huɗu: karanta fakitocin da aka zubar

Idan lambar INVALID na ƙaruwa, sai a ga waɗanne fakitoci ne. Ka sa dokar rubutawa a saman jeri, da -I ba da -A ba, domin idan ta zo bayan dokar zubarwa ba za ta ga komai ba:

iptables -I INPUT 1 -p tcp --dport 22 -m conntrack --ctstate INVALID -m limit --limit 10/min -j LOG --log-prefix "SSH-BATACCE: "
journalctl -k -f

Masu UFW za su ga irin waɗannan layuka da tambarin UFW BLOCK a farkonsu. A kowane layi abubuwa uku ne ke da amfani: adireshin da ke bayan SRC, tsawon da ke bayan LEN, da tutocin da ke kusa da ƙarshe. Da farko ka tace da adireshin mutumin da ya kawo ƙorafi, domin duk sabar da ƙofarta ta 22 ke buɗe ga intanet tana shan ƙwanƙwasa dare da rana daga na'urorin da ke laluben ƙofofi, kuma yawancin layukan nasu ne. Daga cikin abin da ya rage, layin da ke ɗauke da ACK FIN ko RST, mai gajeren tsawo, wanda ya zo bayan mutum ya fita ko bayan zaman ya riga ya mutu, ragowa ne kawai, a bar shi. Wanda ya kamata ya tsayar da kai shi ne mai ACK PSH da tsawo mai yawa, a daidai lokacin da mutumin ke tsakiyar aiki, musamman idan yana maimaita kansa da tazara mai ninkuwa, domin wannan alama ce ta na'urar da ke sake aika bayanai na gaske ana zubar mata da su.

Idan ka ga haka, ka tambayi conntrack dalilinsa. Umarnin sysctl -w net.netfilter.nf_conntrack_log_invalid=6 yana sa a rubuta dalilin ƙin kowane fakitin TCP, lamba 6 kuwa ita ce lambar TCP. A wasu na'urori sai an haɗa da sysctl -w net.netfilter.nf_log.2=nf_log_ipv4 kafin rubutun ya fito. Ka mayar da saitin farko sifili da zarar ka gama, don yana cika rajista da sauri. Sannan ka duba ko haɗin yana cikin jadawali da conntrack -L -p tcp --dport 22, ka kuma gwada nf_conntrack_count da nf_conntrack_max. Idan sun yi kusa da juna, ko ka ga saƙon table full, dropping packet a rajistar, to jadawalin ne ya cika, maganinsa kuma ƙara masa girma.

Idan dalilin ya nuna fakitin ya fita daga taga, akwai saitin da aka tanada domin wannan:

sysctl -w net.netfilter.nf_conntrack_tcp_be_liberal=1

Da shi, RST da ya fita daga taga ne kawai za a riƙa ɗauka a matsayin ɓatacce. A ganina wannan ya fi goge dokar INVALID nesa ba kusa ba, kuma ga dalili. A na'urar da ke sauya adireshi, kamar rautar ofis ko sabar da ke ɗauke da Docker, manhajar da ke gudanar da shirye-shirye a keɓantattun akwatuna, fakitin da aka ce ɓatacce ne ba a mayar masa da adireshin asalin mai shi, don haka idan ba a zubar da shi ba sai ya faɗa hannun na'urar kanta, ita kuma da ba ta san haɗin ba sai ta amsa da RST, ta kashe zaman da ke da ransa. Masu kula da Kubernetes, manhajar da ke sarrafa irin waɗannan akwatuna a sabobi da yawa, sun yi fama da wannan a 2019, kuma gyaran da suka yi shi ne ƙara dokar zubar da INVALID. Wato wanda ya goge dokar yana iya mayar da daskarewar ɗan lokaci ta zama yankewa gaba ɗaya.

Akwai kuma yanayin da jadawalin ke gogewa, misali idan an sake kunna rauta. Saitin nf_conntrack_tcp_loose, wanda asalinsa 1 ne, yana ba conntrack damar tsintar haɗi daga tsakiya ya ba fakitin matsayin NEW, amma idan akwai dokar da ke zubar da duk NEW da ba ya ɗauke da SYN, wato tutar buɗe haɗi, zaman zai mutu a nan. Ka duba ko kana da ita.

Mataki na biyar: saurara daga ɓangarori biyu

Umarnin tcpdump, mai naɗar fakitocin da ke wucewa, yana ganin fakitin da ya shigo kafin katangar ta taɓa shi, shi ya sa yake raba gardama. Ka kunna shi a sabar, ka taƙaita shi ga adireshin mai gwaji, ka kuma sa ya rubuta a fayil, domin idan ya riƙa zuba sakamako a zaman SSH ɗin da yake saurara zai yi ta ganin inuwar kansa:

tcpdump -ni eth0 -w /tmp/zama.pcap host 203.0.113.7 and tcp port 22

Ka sauya adireshin da sunan katin da naka. Ka kunna irinsa a kwamfutar mai gwaji, ko Wireshark idan Windows ce, a bar zaman shiru har ya daskare, sannan a danna wani harafi. Idan kwamfutar tana aikawa tana sake aikawa amma babu abin da ya iso sabar, katangarka ba ta da hannu, wata na'ura ce a hanya ta manta da haɗin.

Wannan shi ne labarin zaman da ke mutuwa lokacin salla. Mai shiga intanet ta layin waya ko ƙaramar rautar 5G yawanci yana raba adireshi ɗaya da mutane da yawa a bayan na'urar kamfanin sadarwa, kuma idan ka ga adireshin wajen rautarka yana tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, a wannan hali kake. Ƙa'idar RFC 5382 ta ce kada irin waɗannan na'urori su manta da haɗin TCP da ya kafu kafin awa 2 da minti 4, amma na'urori da yawa suna da wa'adin da bai kai haka ba. Hatta manyan masu hayar saba sun bayyana nasu a fili: mashigar NAT, wato mai sauya adireshi, ta AWS na kamfanin Amazon tana sakin haɗin da ya yi shiru na daƙiƙa 350, mai rarraba lodi na Azure na kamfanin Microsoft kuma asalin wa'adinsa minti 4 ne. Linux kuwa ba ya aika fakitin duba lafiyar haɗi sai bayan daƙiƙa 7200, wato ya makara ƙwarai.

Maganin yana cikin SSH kansa. A fayil ɗin ~/.ssh/config na kwamfutar mai shiga ka rubuta ServerAliveInterval 60 da ServerAliveCountMax 3, wanda zai sa ta taɓa sabar duk minti ɗaya, ta kuma haƙura ta rufe idan an yi sau uku babu amsa. Idan ma'aikatan suna da yawa, ya fi sauƙi a sa ClientAliveInterval 60 a sshd_config na sabar, a gwada fayil ɗin da sshd -t kafin a sake loda shi. Asalin saitin ServerAliveInterval da ClientAliveInterval sifili ne, wato a kashe suke. Masu shiga da manhajar PuTTY za su sami makamancin wannan a sashen Connection.

Mataki na shida: girman fakiti da ICMP

Idan shiga na yiwuwa, gajerun umarni na aiki, amma allon ya daskare da zarar an nemi abu mai yawa, ko ssh -vvv ya tsaya cak a layin expecting SSH2_MSG_KEX_ECDH_REPLY, to ka zargi girman fakiti. Layin Ethernet yana ɗaukar bayit 1500, na PPPoE, wanda wasu kamfanonin intanet ke haɗa gidaje da shi, 1492, ramin VPN na WireGuard kuma asalinsa 1420. Idan fakiti ya fi ƙarfin wata hanya, rautar da ke wurin takan mayar da saƙon ICMP nau'i na 3 lamba ta 4 tana neman a rage girma. Mai katangar da ya toshe ICMP baki ɗaya da sunan tsaro ya toshe wannan saƙo, sai sabar ta yi ta aika manyan fakitoci suna ɓacewa ba ta sani ba. Ka gwada da wannan:

ping -M do -s 1472 203.0.113.7

Lamba 1472 da bayit 28 na kanun fakiti su ne 1500. Idan bai wuce ba, ka riƙa rage lambar har ka sami wadda ke wucewa. Gyaran shi ne a tabbata dokar RELATED tana sama da duk dokar da ke zubar da ICMP, a IPv6 kuma a bar ICMPv6 nau'i na 2 ya wuce, domin a can rautoci ba sa raba fakiti ko kaɗan. Idan toshewar tana hannun wani da ba ka da iko da shi, ka sa net.ipv4.tcp_mtu_probing=1 a sabar, ko a rautar ofis ka ƙara dokar TCPMSS mai --clamp-mss-to-pmtu a jerin FORWARD na teburin mangle.

Sauran wuraren dubawa

Ofishin da ke da layin intanet biyu yana iya aika fakiti ta ɗaya amsa ta dawo ta ɗayan, sai conntrack ya ga rabin hira kawai, ko rp_filter, mai duba ko fakiti ya shigo ta layin da ya dace, ya zubar da fakitin tun kafin ya kai jerin INPUT, kunna net.ipv4.conf.all.log_martians zai fallasa wannan. Tun daga OpenSSH 7.8 na 2018 aka sauya alamar fifikon da ake sa wa fakitoci, wasu na'urorin hanya kuma ba sa jituwa da ita, gwajinsa kuwa layi ɗaya ne: ssh -o IPQoS=none. Ga wanda ya kasa shiga tun farko, ka tuna ufw limit yana ƙin adireshin da ya buɗe haɗi 6 cikin daƙiƙa 30, fail2ban kuma, mai toshe masu gwada kalmar sirri, a saitinsa na asali yana haramta adireshi na minti 10 bayan kuskure 5. Ma'aikatan ofishi ɗaya duk adireshi ɗaya suke fita da shi, don haka kuskuren mutum guda yana kulle kowa. Umarnin fail2ban-client status sshd zai nuna wanda aka haramta, layin ignoreip kuma zai keɓe adireshin ofis idan tsayayye ne.

Bayan ka sami gyaran da ya yi aiki, ka cire dokar rubutawa da iptables -D INPUT 1, ka rubuta saitocin sysctl a fayil ƙarƙashin /etc/sysctl.d domin kada su ɓace idan an sake kunna na'urar, ka adana dokokin, sannan ka soke aikin at da ka tanada. Gwajin ƙarshe shi ne a bar zama a buɗe fiye da tsawon lokacin da yake mutuwa a da, daga layin da ya fi ba da wahala, kamar wayar abokin aikin da ke Kano. Duk aikin da zai ɗauki lokaci, irin su sabunta tsari ko kwafar rumbun bayanan maniyyata, a riƙa gudanar da shi a cikin tmux, manhajar da ke riƙe aiki a sabar ko da zaman ya katse, ta yadda idan layi ya yanke sai a sake shiga a rubuta tmux attach a ci gaba daga inda aka tsaya. Wanda ke yawan tafiya a jirgin ƙasa na Haramaini tsakanin Makka da Madina, inda waya ke sauya hasumiya a kai a kai, zai fi jin daɗin mosh, madadin SSH da ke jure yankewar layi, sai dai shi yana buƙatar a buɗe masa ƙofofin UDP daga 60000 zuwa 61000 a katangar.